Bututun da Ya Leƙa Gidan Liman

A unguwarmu ta Takur namiji ba ya hawa rufi sai ya faɗa. Ko birkila ne, ko mai gyaran eriya, ko mai saran reshen darbejiya, sai ya tsaya a ƙasa ya ɗaga murya sau uku, "Za a hau sama!" ya ɗan jira, sannan ya taka tsani. Jiran na matan maƙwabta ne, mai wanka ta ƙarasa, mai ɗaurin ƙirji a bakin murhu ta jawo mayafi. Makewayinmu duk ba su da rufi, katanga ce kawai. Ba wanda ya rubuta dokar nan, kuma ban taɓa ganin wanda ya karya ta ba sai ni. Ni ɗin ma daga cikin ɗaki na karya ta, ina zaune a kan kujera.

Baba malamin kimiyya ne a sakandare. Da aka yi jiha aka dawo da shi Dutse, ya gina ɗaki uku ya zuba musu rufin kankare da niyyar ɗora bene. Benen har yau bai zo ba, rodi ne a tsaitsaye kamar karan dawa bayan girbi. A kan rufin nan ya kafa madubinsa na hangen taurari. Shi madubin, mai faɗin faranti, wani abokin aikinsa baƙo ne ya bar masa da zai koma ƙasarsu. Sauran duk haɗin gida ne: bututun ruwa mai faɗi wanda tsawonsa ya kusa tsawona, ƙafar ƙarfe da mai walda ya yi, da wasu ƙananan injina biyu da Baba ya ciro daga matattun firintoci. Ɗaya na juya bututun hagu da dama, ɗaya na ɗaga shi da sunkuyar da shi. Waya ta sauko ta taga ta shiga bayan kwamfutar da ke ɗakin Baba. A gida bututu muke ce masa. Umma ita kaɗai ke cewa "igwar babanku".

Manhajar da ke ba injinan umarni wani tsohon ɗalibinsa ne ya kawo masa daga jami'a. Ba rubutu ake yi mata ba, zane ake yi. Ka jawo akwati ka ajiye a fuskar kwamfuta, ka jawo wani, ka ja zare daga bakin wannan zuwa bakin wancan. Wani akwatin agogo yake karantawa, wani yana riƙe da mazaunin tauraro, wani ya haɗa biyun ya yi lissafi, sai zaren ƙarshe ya kai wa injinan amsa. In ka haɗa daidai zaren ya miƙe. In ka yi shirme ya kakkarye, ya tsaya yana kallonka.

Baba ya san lissafin kamar sunansa, amma linzamin kwamfuta ya gagare shi. Da hannu biyu yake kama shi. Zai jawo zare a hankali, yana ciza leɓe, sauran kaɗan ya kai sai yatsa ya saki, ya ce "Subhanallahi," ya koma farko. Ni kuma na gama sakandare ina jiran sakamako, na yi wata uku ina koyon buga takardu a wani shago, kuma ba abin da ke ci mini rai kamar in tsaya ina kallon mutum yana abu a hankali. Rana ta uku na kasa haƙuri.

"Baba, don Allah tashi."

Umma daga tsakar gida ta ce, "Ke! Ubanki kike ce wa tashi?"

"Ƙyale ta," in ji Baba. "Tashin zan yi, bayana ma ya gaji."

Haka aka raba aiki. Shi ya yi lissafi a bayan tsofaffin takardun jarrabawa, ni in mai da shi akwatuna da zaruruwa. Ranar da abin ya fara ji, bayan magariba ne. Baba ya yi kiransa sau uku, ya hau, na danna daga ƙasa. Na ji injinan suna kuka a saman kaina kamar keken ɗinki mai neman mai, sai shiru, sai muryar Baba: "Ya shigo! Wallahi ya shigo tsakiya!" Na hau na sa ido a ɗan gilashin da ake leƙawa. Tauraron Mushtari ne, da ɗigo huɗu a jere a gefensa. Kyakkyawa ne, ban musa ba. Amma gaskiya na kalle shi kaɗan na sauko, don ni ba tauraron ne ya burge ni ba. Abin da ya burge ni shi ne na zana abu a ɗaki, ƙarfe a kan rufi ya bi.

A lokacin an fi kawo mana wuta da hantsi, Baba kuwa yana makaranta. Ni ba zan zauna wuta tana lalacewa ba. Sai na riƙa gwaji ni kaɗai. Doka ɗaya Baba ya kafa mini: kada rana ta shiga bakin bututun. Ya taɓa nuna mini da tsinken kara a inda ake sa ido, kafin in ƙirga biyar ya kama hayaƙi. Na yi tunani na ga abin ba wuya. Da safe rana tana gabas, hadari ma in zai taso daga gabas yake tasowa. Sai na ƙara akwatuna biyu: duk gwajin da zan yi, bututu ya fara juyawa yamma, ya sunkuyar da baki ƙasa, a can zai yi motsinsa, a can kuma zai kwanta in na gama. Na ji daɗin dabarar nan ƙwarai. Ban hau na duba ba, don me zan hau? Lambobi sun ce daidai ne.

Yamma da mu gidan limamin unguwa ne.

Kwana tara ina wannan. A na goma, bayan la'asar, aka yi sallama da Baba a zaure. Liman ne da mai unguwa. Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a ce, kowa yana takatsantsan, ƙaramar magana in ta fita daga unguwa ba ka san inda za ta tsaya ba. Na kai musu ruwa na koma na laɓe a bayan ƙofa, don na ga fuskokinsu ba na hira ba ne.

Mai unguwa ya yi ta zagaye-zagaye, gaisuwa, damina, lafiyar ɗalibai. Liman ne ya gaji ya faɗa. Mahaifiyarsa, wadda duk unguwa ke ce wa Inna, ta ce kullum da hantsi abin nan na kan rufi yana juyowa ya leƙa makewayinta, ba kira, ba sallama. Kuma mutane na cewa wayar da ta sauko tana kai hoton abin da ya gani cikin talabijin ɗin Malam.

Baba ya rantse bai taɓa motsa shi ba sai ya yi kira, kuma da hantsi ma ba ya gida.

"Malam, ban ce ka yi ƙarya ba," in ji Liman. "Amma tsohuwata ma ba ta ƙarya."

Ni kuwa ba na iya riƙe magana a ciki. Na turo kai na ce, "Ni ce."

Duk suka juyo. Na yi bayani da sauri, rana, hadari, yamma, akwatuna. Na ɗauka shi ke nan, an gano mai laifi, a yi mini faɗa kowa ya tashi. Mai unguwa ya gyara zaman hularsa ya ce, "Wato yarinya, kina cikin ɗaki, ba wanda ya gan ki, kike juya shi duk inda kika so?"

"E, ranka ya daɗe."

"To ai wannan ya fi na farko muni."

Ya ce wa Baba, cikin ladabi, a sauke abin kafin Juma'a. Ba don an zarge shi ba, don a zauna lafiya. Sai dai in Inna da kanta ta ce ta janye, tunda ita aka ɓata wa. Ranar Talata ce.

Baba bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya shigo ya zauna a bakin gado yana juya hula a hannu. Shekara shida yana haɗa abin nan, kusa da kusa, kuma in aka sauke shi ba inda za a kai shi, tsakar gidanmu rabin sama kawai take gani. Can ya ce, "Ai ba ya ma ganin abu kusa. An yi shi don nesa ne. Da za su sa ido..." Bai ƙarasa ba. Shi namiji ne, ba zai shiga gidan Liman ya yi wa Inna bayani ba. Ni ce mai shiga.

Da safe na same ta a inuwar ɗakinta tana ɓarar gyaɗa. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce daga Miga, ɗanta ya ɗauko ta bayan rasuwar maigidanta, har lokacin ba ta yarda Dutse gari ne na zama ba. Na durƙusa na gaishe ta. Ba ta ɗago ba.

"An ce ke ce direba."

"Ni ce, Inna."

"Kwana tara ina wanka a ɗaki cikin baho kamar jaririya. Ina shiga da bokitina sai in ji ƙiiii. In ɗaga kai, ga shi ya miƙo wuya kamar raƙumi, ya sunkuyo, ya tsaya. Na yi masa a'uziyya bai tafi ba. Na jefe shi da ɓawon kwakwa bai tafi ba."

Na juya na kalli rufinmu daga inda take zaune. Ban taɓa ganinsa daga nan ba. Wallahi gaskiyarta. Ga baƙin bakin nan a buɗe, ya saito ƙofar makewayi kamar da gangan. Kunya ta kama ni, ni kuma in kunya ta kama ni bakina ne ke gaba.

"Inna, tsakani da Allah, wa zai ɓata wuta don ya gan ki?"

Matar Liman da ke tankaɗe a gefe ta saki rariya ta toshe baki. Inna ta ɗago a karon farko, ta dube ni sama da ƙasa.

"Ja'ira. Lokacin da ake tsayawa a hanyar rijiya don a gan ni, uwarki ma ba a haife ta ba."

"To ki zo ki sa idonki ki ga abin da yake gani. In kin ga makewayinki, ni da kaina zan kwance shi."

"Hawa zan yi?"

"Matattakala goma sha huɗu ce."

"Ni da nake hawa rumbu? Gobe bayan hantsi. Ki ce wa uwarki ta dama fura."

Ranar na wuni a gaban kwamfuta. Baba ya zana mini abin a takarda kafin ya fita: akwati ɗaya zai riƙe lambar iyaka, wani zai gwada ta da duk umarnin da aka bayar. In umarnin ya ce bututu ya sauka ƙasa da iyakar, zaren da ke zuwa inji ya yanke, jar fitila ta kama a fuskar kwamfuta. Na haɗa cikin gaggawa, na juya zaruruwa biyu, abin ya zama ba ya yarda ya ɗaga sai dai ya sunkuya. Kafin in gwada gyaran sai da na fita tsakar gida na buɗe murya, "Za a juya bututu!" sau uku. Daga gidaje uku na ji dariya. Wata ta amsa, "A juya lafiya!" Akwatin iyakar kuwa na bar shi ba lamba. Baba ya dawo ya tambaya, na ce ba mu ne za mu cika shi ba.

Ranar Alhamis Baba ya nemi izini a makaranta ya zauna a gida. Inna ta zo da sandarta, ta sha fura, ta ce ta yi tsami. Baba ya yi kira zai hau ya nuna mata, ta ɗaga masa hannu.

"Malam, yi zamanka. Abin na mata ne."

Ta hau, Umma na bayanta. Baba ya tsaya a gindin matattakala yana cewa, "A gaya mata kada ta taɓa gilashin da hannu. Gyaɗa take ɓara, da mai a yatsunta." Ni ina ɗaki, taga a buɗe, Umma ce mai kai magana.

"Ta ce ki kai shi daidai inda yake tsayawa kullum!"

Na danna. Injina suka yi kukansu.

"Me ta gani?" in ji Baba.

Muryar Inna ta sauko da kanta. "Kunun kanwa! Ba komai a ciki sai kunun kanwa. Malam, wannan ne abin da kake hawa kallo kullum?"

"Na faɗa!" Baba ya tafa hannu kamar yaro. "Na faɗa ba ya ganin kusa! Inna, kin gani ko? Shi ke nan ai."

"Wa ya ce maka shi ke nan? Makaho ma in ya juyo da fuskarsa makewayina ya tsaya, sai na ce masa ya juya. Ke direba, ɗaga shi."

Na ɗaga digiri biyar. "Ƙara." Na ƙara. Umma ta ce mini Inna ta bar gilashin, ta koma gindin bututun ta kanne ido ɗaya tana bin tsawonsa da kallo kamar maharbi. Ya bar katangarsu, ta ce ƙara. Ya miƙe sosai ba ya kallon ƙasa ko kaɗan, Baba ya ce, "To nan ya isa, daga nan sama ce kawai." Ta ce ƙara. A tsakar gidan Liman akwai dogon dabino. Sai da bakin bututu ya haye kan ganyensa na ƙarshe sannan ta ce, "Tsaya nan."

Na duba lamba. Ashirin da takwas. Na faɗa wa Baba ta taga, ya dafe kai.

"Inna, a rage biyar mana. Akwai taurarin da ba sa hawa can sai sun..."

"Su hau. Ina suke sauri?"

Na rubuta ashirin da takwas a akwatin. Ta sauko, ta shigo ɗakin Baba ba tare da an ce ta shigo ba, ta tsaya a bayana tana kallon akwatuna da zaruruwa.

"Ina hotona?"

"Babu, Inna. Wannan ne kawai a ciki."

"Kamar saƙar da kaza ta shiga. To ce masa ya sunkuya in gani."

Na ba shi umarni ya sauka. Jar fitila ta kama, a sama ko motsi. Ta ce ba ta yarda da hannuna ba. Na nuna mata maɓallin, ta danna da ɗan yatsanta kamar mai kashe kuɗin cizo. Ja. Ta sake. Ja. Ta aika Umma ta leƙa, Umma ta dawo ta ce yana nan yana kallon sama.

"Lambar nan da kika sa, wa zai iya canza ta?"

Baba yana yi mini ido daga ƙofa. Na ce, "Ni."

"To ashe ba ƙarfen ne abin tsoro ba." Ta kama kunnena, ba da zafi ba. "Da ke na yi magana, ba da shi ba. Kin ji?"

"Na ji, Inna."

"Kuma tun farko me ya sa kika sunkuyar da shi?"

Na sake bayanin rana da ruwan sama. Ta dube ni, ta dubi Baba, malamin kimiyya na shekara ashirin.

"Duk gidan nan ba ku da faifai?"

Umma ta juya ta shiga madafi tana danne dariya, ta fito da faifan rufe ƙwaryar fura da igiyar rama. Ni aka aika na ɗaure wa bututu a baki. Ya zauna daram kamar don shi aka saƙa.

Bayan la'asar Liman da mai unguwa suka dawo zaure. Na sake kai ruwa, wannan karon ban ma yi kamar zan tafi ba. Liman ya ce tsohuwa ta janye, da sharaɗi uku: kada ya sauka ƙasa da kan dabino ta kowace fuska, a yi kira kafin ya motsa ko da ba mai hawa, kuma da rana a rufe masa baki. Mai unguwa ya ce Alhamdulillahi, ya shafa fatiha, ya sa takalmi ya tafi. Liman bai tashi ba. Ya ɗan matso kusa da Baba ya rage murya.

"Malam, wata tambaya. Azumi saura wata biyu. Shi abin nan, tunda an ce yana nemo tauraro da kansa, zai iya nemo mana jinjirin wata?"

"Zai iya, Allah gafarta Malam. Lissafinsa ma ya fi na taurari sauƙi." Baba ya yi ɗan tari. "Sai dai jinjirin wata a yamma yake fitowa, ƙasa-ƙasa. Wajen rabin dabinonku."

"Ba a iya ɗan..."

Baba ya nuna ni da haɓa. Na ce, "Ni dai da Inna na yi magana. In ta ce a rage, yanzu zan rage. A je a tambaye ta."

Liman ya juya ya kalli katangar gidansa. Daga can ana jin muryar Inna tana yi wa wani faɗa a kan akuya da ta shiga gyaɗa. Ya daɗe yana saurare. Sannan ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa.

"Za mu duba da ido," ya ce. "Ai da ma da ido aka ce."